Mma ta ce ɓera ne, ba a gidanta ba

Assalamu alaikum Gwaggo. Ni yaro ne ɗan shekara 15, ina aji uku a JHS, wato ƙaramar sakandare. Muna zaune a gidan haya a Aboabo, nan Kumasi. Ni ne ɗan fari, ina da ƙanne uku, autarmu ko shekara ba ta cika ba. Mma tana sayar da waake da safe a bakin titi. Baba direban babbar mota ne, hanyar Bawku da Wagadugu yake bi, sai ya yi sati biyu ba mu gan shi ba.

Akwai wata dabba da nake gani a TikTok da YouTube, ana ce mata feret. Doguwa ce siririya mai gajerun ƙafafu, tana tsalle, tana shiga hannun riga, tana kwana a jikin mai ita. Tun bara hankalina yake kanta. Ina taya wani mai gyaran waya aiki ranar Asabar, har na tara sidi 400. Kawuna da ke Bronx a Amurka ya ce in na ci BECE, jarrabawar gama ƙaramar sakandare, da kyau zai yi mini kyauta, ni kuwa ita nake so in ce ya kawo mini. Na kuma ga wani a intanet ya ce yana da ita a Accra, in tura rabin kuɗi ta MoMo, wato ta waya, ya sa ta a mota.

Na nuna wa Mma bidiyon. Ko minti ɗaya ba ta yi tana kallo ba ta ce, "Ɓera ne wannan, ba a gidana ba." Na yi ta maimaita maganar har ta ce in na ƙara za ta karɓe wayar. Yanzu ina tunanin ko in jira Baba ya dawo in roƙe shi, ko in sayo kawai in kawo, in ta gan ta ai za ta saba. Yaya zan yi in shawo kanta?

Ɗanki daga Aboabo.

*

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka sa'ar jarrabawa. Yaron da sa'anninsa ke filin ƙwallo ranar Asabar shi yana shago, ya kuma iya riƙe kuɗinsa bai ƙarar a data da indomi ba, ya cancanci a yi masa magana ta manya. To ga ta: ba zan koya maka yadda za ka shawo kan Mma a kan feret ba. Ta yi kuskure a wuri ɗaya, don feret ba ɓera ba ce, ita ce ma ke cin ɓera. Amma hanin da ta yi daidai ne, kuma da a ce ta amince, ni da kaina sai na aika a ce mata ta janye.

Kafin mu zo kan Mma, mu fara da ita dabbar, tunda ka ce sonta kake yi.

Feret 'yar ƙasar sanyi ce. Turawa ne suka mai da ita ta gida fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, daga wata dabbar dawa dangin bodari, suna tura ta cikin rami ta koro musu zomaye. Gashinta mai kauri ne, kuma jikinta ba ya fitar da gumin da zai sanyaya ta. Inda take jin daɗi shi ne tsakanin digiri 15 zuwa 24. Zafi yana wuce 27 ta fara galabaita, in ya kai 30 kuwa ana maganar rai da mutuwa ne, kuma cikin ɗan lokaci. Yanzu ka tuna Kumasi a watan Fabrairu da Maris, lokacin da ma'auni ke nuna 33 ko 34, sannan ka tuna cikin ɗakinku mai rufin kwano da ƙarfe biyu na rana. Ko a watan Agusta da muke cewa gari ya yi sanyi, da rana muna kusa da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Waɗanda kake gani a bidiyo suna birgima a kan kafet, ko dai garinsu ne mai sanyi ko kuma na'urar sanyaya ɗaki tana aiki a bayan mai ɗaukar hoton. Fanka ba ta wadatar da dabbar da ba ta gumi. Ke nan sai na'ura dare da rana, a kan mitar da Mma ke saya wa kati. Mu ɗauka ma an samu kuɗin. Rana ɗaya aka yi dumso, wato aka ɗauke wuta, kana makaranta, ka dawo ka tarar da ita a miƙe cikin keji tana haki, ko ta riga ta daina. Ba don in tsorata ka nake faɗa ba, haka abin yake faruwa da su ko a Turai in bazara ta yi tsanani.

Sai abinci. Kyanwa in ta rasa yadda za ta yi takan ɗan taɓa tuwo da miyar kifi, ko da yake ita ma ba shi ne abincinta ba. Feret kuwa nama zalla take ci. Hanjinta gajere ne, abin da ta ci awa uku zuwa huɗu ya wuce, don haka ci take yi kaɗan kaɗan sau da yawa a yini. Ragowar waake, koko, burodi, ayaba, duk cutar da ita suke yi. Ko dai abincin gwangwani da na buhu da ake yi musamman dominta a ƙasashen waje, ko kaza da ƙwai da hanta kullum. Ka shiga kasuwar Asawase ka tambayi kuɗin kilo ɗaya na kaza, ka raba sidi 400 ɗinka a kai, ka ga kwana nawa za su kai ka. Sannan ka dubi tukunyar gidanku, inda ake ƙirga tsokar nama kafin a raba wa yara huɗu, ka gaya mini da wane ido Mma za ta kalle ka kana yanka ɗanyar kaza kana miƙa wa dabba.

Lafiyarta ma wani aiki ne. Akwai ciwon karnuka da likitoci ke kira distamfa, wanda in ya kama feret kusan ba ta tashi, ga shi kuwa karnuka na yawo a unguwa ba allura. Tana buƙatar rigakafin wannan da na haukan kare. Tana ɗaukar mura daga mutum, ta kuma mayar masa. Da ita masana a Landan suka yi aiki a 1933 har suka gano ƙwayar cutar mura mai zazzaɓi ta ɗan Adam. Macen kuwa tana da wani hali na ban mamaki: in lokacin barbararta ya zo ba ta samu namiji ba, ba a kuma yi mata aiki ko allura ba, jikinta ba ya komawa daidai, jininta ya yi ta ƙarewa har ta mutu. Tana kuma haɗiye roba da soso, bakin silifas da abin goge fensir, su toshe mata hanji sai an yi tiyata. Muna da likitocin dabbobi a Kumasi, na gwamnati da masu zaman kansu, ga kuma makarantar koyon likitancin dabbobi a jami'ar KNUST. Amma aikinsu na yau da kullum kaji ne da awaki da tumaki da shanu da karnuka da kyanwoyi. Dabbar da ba a kiwonta a ƙasa, maganinta ma ba a tara shi a kanti.

Abin da bidiyo ba ya iya nuna maka shi ne wari. Na ce maka dangin bodari ce. Ba ta kai shi ba, amma fatarta na fitar da wani maiƙo mai ƙarni da ke kama katifa da labule da kayan sawa, kuma yawan yi mata wanka ƙara shi yake yi. A ɗakin da Mma ke shimfiɗa darduma ne za ka ajiye ta. Ka tambayi malaminku na makaranta hukuncin fitsari da kashin dabbar da ba a cin namanta a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, zai ce maka najasa ne. Ita kuwa ba ta iya riƙe kashi kamar kyanwa, kusurwar da ta samu nan take juya baya. Ga jaririya a ɗaki. Feret tana cizo, cikin wasa ko cikin tsoro, haƙoranta masu kaifi ne, kuma likitocin dabbobi a ƙasashen da ake kiwonta suna gargaɗin kada a bar ta da jariri ko na ɗan lokaci. Wannan kaɗai ya isa a rufe maganar.

In ta fita tsakar gida kuma fa? Duk ramin da kanta ya shiga jikinta zai bi, ƙarƙashin ƙofa ne ko bakin kwata. Gidan haya a zango ba ya rasa mai kaji ko mai tantabaru. Dare ɗaya ya ishe ta ta shiga akurki ta gama da 'yan tsaki. Washegari ba kai maƙwabciya za ta tsaya wa a ƙofa ba, Mma za ta kira da sunanta, kowa yana ji. Ƙasar New Zealand ta shigo da su a shekarun 1880 don su rage mata zomaye, suka juya kan tsuntsayen ƙasar, har da kiwi da ba ya tashi, sai da gwamnati ta hana sayar da su da hayayyafa su a 2002. Ƙasa guda ke nan ta sha wuya da su, bare akurkin Hajiyar ɗakin kusa da ku.

Batun kawu kuwa, ka sauƙaƙa masa. A birnin New York, inda Bronx take, doka ta hana ajiye feret a gida tun 1999, an sake duba maganar a 2015 aka bar hanin yadda yake. Haka jihar California da Hawaii. Ko ya tsallaka wani gari ya saya, dabba mai rai ba a jefa ta cikin akwati tare da takalma da turare. Sai takardar lafiya daga can, sai izinin shigo da ita daga hukumar kula da lafiyar dabbobi ta Ghana, sai kamfanin jirgin da zai yarda ya ɗauka, kuma kuɗin duk wannan ya ninka kuɗin dabbar. Mutumin da ya yi maka alkawari don ya ƙarfafa maka gwiwa, kada ka saka masa da abin da zai sa ya ji kunyar cewa ba zai iya ba.

Shi kuwa na intanet mai cewa a tura rabi ta MoMo, kada ko fesuwa ɗaya ta fita daga wayarka. Hotunan da ya sa kowa zai iya kwafowa. Kana turawa zai ce direba na neman kuɗin keji, gobe kuɗin allura, jibi lambar ta daina shiga. In ma wani abu ya iso tasha cikin kwali, kada ka yi mamaki in ka buɗe ka ga tunku da aka kamo a dawa, wanda ba ya sabo, ba ka san ciwon da yake ɗauke da shi ba, kuma ajiye namun daji sai da izinin hukumar gandun daji.

To, yanzu mu zo kan Mma, don a nan ne ainihin tambayarka take.

Kai bidiyo ka nuna mata. Ita kuwa lissafi ta yi, kuma minti ɗaya ya ishe ta. Matar da ke tashi tun kafin kiran assalatu ta hura wuta, ta ɗora wake da shinkafa da karan dafi, ta soya shito, ta dafa taliya da ƙwai, ta kwashi kaya zuwa bakin titi da goyo a baya, ta dawo ta wanke tukwane, ta shiga kasuwa sayen na gobe, maigida kuma yana hanya sati biyu. A gidan nan duk abin da ke da baki, ita ke ciyar da shi, duk abin da ya yi ƙazanta, ita ke kwashewa. Ta san abin da kowace uwa ta sani, cewa dabbar da yaro ya kawo gida ta yaro ce wata na farko, daga nan ta uwa ce. Akwai kuma abin da ban ga ka ambata ba a wasiƙarka. Kana gama BECE, SHS za ka tafi, wato babbar sakandare, kuma in makarantar kwana aka ba ka, shekara uku ke nan kana zuwa gida hutu kawai. Feret tana rayuwa shekara shida zuwa goma. Wa ka yi niyyar bar wa? Ko ba ta faɗa maka ba, ina tabbatar maka ta riga ta hango wannan.

Ka ce kai ne ɗan fari. A gidaje da yawa har yanzu uwa ba ta zama ta yi doguwar hira da ɗan fari, wata ko sunansa ba ta kira. In haka Mma take, gajeren amsar da ta ba ka ba ƙiyayya ba ce, iyakar abin da kunya ta bar ta ta faɗa ke nan. Kai kuma da ka yi ta maimaitawa, a kunnenta ba roƙo ta ji ba. Ta ji ɗan da ƙannensa ke kallo yana gwada ko maganarta tana da nauyi. Shi ya sa ta kai ga batun karɓe waya.

Dabarun nan biyu da ka kawo, ka zubar da su. Baba ya shigo a gajiye da ƙurar hanya, yana da kwana biyu ko uku kafin ya sake tafiya, yana son ya faranta wa yaran da bai gani ba. Mai yiwuwa ya ce "to" don ya ga ka yi murmushi. Ya tada mota ya tafi, ya bar Mma da dabbar da ta ce ba ta so, da kuma sanin cewa ɗanta ya zagaye ta. Ka haɗa iyayenka faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma daga ranar duk abin da ka roƙa sai ta tuna. Sayowa a ɓoye kuwa ya fi muni. "In ta gan ta za ta saba" magana ce ta wanda bai taɓa ganin uwa ta ɗauki keji ta ajiye a ƙofar gida ba. Dabbar ce za ta sha wahalar taurin kanka.

Ga abin da nake so ka yi. Daga yau ka rufe bakinka a kan maganar dabba har sai ka ajiye biro a takardar ƙarshe ta BECE. Amma kafin ka yi shirun, ka samu lokacin da ta natsu, bayan isha'i, ba da asuba tana fama da wuta ba, ba kuma a gaban masu sayen waake ba. Ka durƙusa ka ce, "Mma, maganar dabbar nan da na dame ki da ita, na bincika na ga kin fi ni gaskiya. Ki yi haƙuri, na bar ta." Iyakarta ke nan. Kada ka liƙa mata "amma" a wutsiya. Za ta yi kamar ba ta ji ba, ko ta ce "Allah ya sa," amma ta ji.

Cikin watannin da suka rage, ka ɗauki aiki ɗaya a gidan wanda ba a sa ka ba, ka riƙe shi ba fashi. Cika durom da ruwa ne, ko kai mata tebur da kula bakin titi kafin ka wuce makaranta, ko wanke manyan tukwanen nan da yamma. Ɗaya tak, kada ka ɗebo da yawa ka kasa. Kuma kada ka riƙa tuna mata kana yi. Duk alkawarin da za ka yi nan gaba cewa kai za ka kula da dabba, da wannan za ta auna shi, don ba ta da wani ma'aunin. Yara suna zuwa da takarda sun rubuta jadawalin ciyarwa da shara, suna ganin hujja ce. Uwa ba ta karanta takarda, abin da ta gani da idonta wata uku a jere shi take karantawa.

Bayan jarrabawa sai a tada magana, kuma ba kai za ka fara tada ta ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Ka je wurin kakarka, ko yayar Mma, ko wata babba a gidan da take jin nauyinta, ka faɗa mata gaskiya duka, har da yadda ka dame ta a baya. Ita ta san yadda za ta shigo da zancen suna tsince wake. Abin da Mma ba za ta iya gaya maka ba, za ta gaya mata: ko tsoron mai gidan haya ne, ko kuɗi, ko wata dabba ta taɓa cizon wani a gidansu tana yarinya, ko ƙyama ce kawai. Sai ka san ainihin abin da ke gabanka. Mai gidan haya ma babba ne zai tambaye shi, ba kai ba.

Wace dabba za a roƙa? In ni ce, kyanwa. Abin da ya burge ka a feret, tsalle da laɓe da bin zare da kwanciya a cinya, 'yar kyanwa tana yinsa duka, ga ta kuma ta saba da zafinmu. Tana binne kashinta in ka ajiye mata tire da yashi. Sannan ita kaɗai ce a cikin dabbobin da za ka iya kawowa take da abin da za ta ba Mma. Mai sayar da waake tana da buhun shinkafa da na wake a ɗaki, inda buhu yake kuwa ɓera yana nan. Ka bar babbar da za ta yi maka magana ta fara da wannan. Ba sai ka saya ba, a unguwa ba a rasa gidan da kyanwa ta haihu suna neman mai ɗauka, sai dai ka bari ta kai wata biyu tana shan nonon uwarta. Kuɗinka su tafi wurin likitan dabbobi: allurar haukan kare in ta kai wata uku, maganin tsutsar ciki da na ƙuma, da aikin hana haihuwa, in ba haka ba kafin shekara ta zagayo kun zama gidan kyanwoyi kuma Mma ta ce ai ta faɗa. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ciwon haukan kare ta duniya, kuma a wajen lokacin ma'aikatan dabbobi kan fito yin allura, ka sa kunne. Sharaɗi biyu kai za ka fara faɗarsu kafin a faɗa maka: ba ta kwana inda jaririya take, ba ta kuma zuwa kusa da kayan sana'a. Mai saye ɗaya ya ga gashi a waake, cinikin mako ya lalace.

Kyanwar ma ba ta kuɓutar da kai daga tambayar makarantar kwana ba, don tana iya shekara goma sha biyu ko fiye. Sai ka jawo mai bi maka tun yanzu, in yana so. In ba ya so, ka faɗa wa Mma gaskiya cewa in ka tafi nauyin zai dawo kanta, ta yanke hukunci tana sane.

In kyanwa ce ba ta so, don akwai masu ƙyamarta da masu camfa ta, akwai zomo da ɓeran Masar, waɗanda keji suke zama a waje, a inuwa. Zomo ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun 1972, zamanin Acheampong da shirinsa na ciyar da kai, gwamnati ta kafa gonar zomaye a Kwabenya tana kwaɗaitar da mutane kiwonsu a bayan gida. Ciyawa da ganyen dankali da dusa sun riƙe shi, sidi 400 kuwa za su taimaka wurin katako da raga da kuɗin kafinta. Sai dai ka sani, zomo wata ɗaya yake ɗaukar ciki, kuma a gidan Bahaushe abin da ke cikin keji yana da ƙiba, ranar da baƙi suka zo ba shiri, kallon nama ake yi masa. In zuciyarka ba za ta ɗauka ba, a yi wannan magana tun farko. Ɓeran Masar kuwa, da sunan da yake ɗauke da shi, ban ga yadda za ka shigar da shi gaban matar da ta riga ta ce ɓera ba a gidanta ba.

Na san wani zai ba ka shawarar ka je mata da hadisi. Gaskiya ne addini bai hana ba. Ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har yana tambayarsa labarin tsuntsun. Abu Huraira ma kyanwa ce ta jawo masa laƙabinsa. Amma ka riƙe wannan a ranka, kada ka mai da shi sandar dukan uwarka, don halaccin abu bai wajabta mata ta karɓe shi a ɗakinta ba. In hadisi kake so ka yi aiki da shi, ga na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Wannan da kai yake magana, kuma shi ne ya sa na tsaya maka a kan batun zafi tun farko.

Mai yiwuwa a yi duk wannan ta sake cewa a'a. Ɗakinta ne, ƙarfinta ne, tana da iko. In haka ta faru ka ce "to, Mma," ka ci gaba da cika durom ɗin, don in ka daina a ranar ka nuna mata dama ciniki kake yi. Ba a rasa mai tantabaru ko mai tumaki a Aboabo da zai so yaro mai hankali ya riƙa taya shi, ga gidan zu nan kusa da Kejetia in kallo kake so. Kuma in son dabbobin nan ya wuce na bidiyo, lokacin zaɓen makaranta ka sa kimiyya a gaba. Karatun likitan dabbobi a KNUST shekara shida ne, kuma ba a shiga sai da sakamako mai kyau a lissafi da kimiyyar halittu da ta sinadarai. Wannan ne abin da za ka rubuta wa kawu ka ce ya taimaka maka da shi, littattafai da kuɗin darasin hutu, in sakamako ya fito.

Gwaggonku.